Yadda za ka shirya wa gidanku na ƙauye kafin cututtukan bazara da damina

Duk mazaunin birnin Kano da ke da iyaye ko ƙanne a ƙauye ya san wayar da ake bugowa bayan isha'i: yaro na ta amai da gudawa tun la'asar, ko Baba ya yanke jiki ya faɗi a gona, a turo kuɗin mota. Kafin kuɗin su shiga, a tashi mai babur, a fito bakin titi, a iso Asibitin Murtala ko na yara na Hasiya Bayero, an ci awoyi masu yawa, kuma a cikin waɗannan awoyin ake rasa mutane. Abin da za a yi a cikinsu, da shirin da ya kamata a yi tun kafin su zo, shi ne abin da ke tafe.

Cututtukan nan ba sa zuwa ba zato, kowace da watanta. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40. Sanƙarau yana tasowa tun cikin ƙurar hunturu, ba ya lafawa sai ruwa ya sauka. Daga Yuni zuwa Oktoba kuma sai kwalara da zazzaɓin cizon sauro, ga rumbu ya yi ƙasa, tamowa ta kama yara. Abin da ya sauya shi ne tsananin. A Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje a yankin Haɗejiya da Ringim. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Kayan da za ka haɗa

A watan Fabrairu, sannan kuma a watan Mayu, ka je kantin magani mai rajista ka haɗa ƙunshi guda. A sa ledar ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari na mai gudawa, kamar 20, katin ƙwayar zink 4 ko 5, farasitamol na manya da na ruwa na yara, ma'aunin zafin jiki, maganin tsabtace ruwan sha irin WaterGuard ko Aquatabs, sabulu, kwalbar bilic, ƙaramin cokalin shayi guda, da tocila. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kowanne. Kada ka sa allura ko kafso a ciki, domin duk abin da ke cikin akwati sai an yi amfani da shi, ko ya dace ko bai dace ba.

Inda ake ajiya yana da muhimmanci. Ɗakin kwano da rana tanderu ne, magani yana lalacewa a ciki tun ranarsa ba ta cika ba. A zuba kayan a robar fenti mai murfi, a ajiye a ɗakin ƙasa, nesa da bango mai shan rana, inda yara ba sa kaiwa.

Sai a damƙa wa mutum ɗaya da aka sani, wanda ke kwana a gidan kuma yake iya karanta Hausa. Sau da yawa matar gida ko budurwar da ta yi sakandare ta fi maigida dacewa, don ita ke tare da yara lokacin da ciwo ke farawa. Ka zauna da ita ta haɗa ruwan gishiri da sukari a gabanka sau biyu. Bayani ta waya ba ya maye gurbin wannan.

Amai da gudawa

A nan za mu daɗe, domin a nan aka fi yin asarar da za a iya kaucewa. Abin da ke kashe mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Mai kwalara yana iya zubar da lita da yawa cikin yini, babban mutum ma yakan tafi cikin awoyi. Saboda haka ba a jiran gari ya waye, daga zawo na farko ake fara mayar da ruwa.

A wanke hannu da sabulu. A auna lita 1 ta ruwa mai tsabta. Ledar fiya wata rabin lita ce, biyu ke nan. A juye ledar ORS gaba ɗaya, a motsa har ta narke. A fara duba jikin ledar, don akwai ƙanana da ba na lita guda ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba leda guda a kofi ɗaya wai don ta fi ƙarfi. Wannan yana ƙara janyo ruwa daga jikin yaro zuwa hanji, gishiri ya yi masa yawa a jini, har ya kai ga jijjiga. Wasu kuma don tattali sukan raba leda gida uku da ido, ma'auni ya ɓace.

In babu leda, a haɗa na gida: lita 1 ta ruwa, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi a shafe. A shafe na nufin a bi bakin cokalin da wuƙa a zubar da tozon. A ɗanɗana. In ya fi hawaye gishiri, a zubar a sake. Abin da ya kwana ya yini, wato awa 24, a zubar a haɗa sabo.

Bayan kowane zawo, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofin shayi, wato mililita 50 zuwa 100. Daga shekara 2 zuwa 10, rabin kofi zuwa kofi guda. Babba ya sha iya abin da zai iya. Ƙaramin yaro da cokali ake ba shi, cokali ɗaya duk minti 1 ko 2. In ya yi amai kada a ce cikinsa ya ƙi, a dakata minti 10 a ci gaba a hankali fiye da da. Ko yana amai, wani abu na zama a ciki. Aiki ne na haƙuri, uwa ɗaya ba za ta iya shi dare guda ita kaɗai ba, a riƙa karɓarta.

Zink kuma ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 20 kullum ga yaron da ya kai wata 6, rabin ƙwaya ga wanda bai kai ba, a narka a cokali da nono ko ruwa. Ana ba da shi kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya a rana ta uku, domin yana gyara bangon hanji ya kuma rage dawowar ciwon a watanni masu zuwa. Yawancin gidaje suna dainawa da zarar yaro ya tashi wasa.

Kada a janye nono, kada a hana abinci. Kunu, koko, fate, ayaba, duk a ba shi kaɗan-kaɗan. Lemon kwalba ba ya cikin lissafi, sukarinsa ya yi yawa, yana ƙara zawo. Maganin tsayar da gudawa ba na yara ba ne. Sannan maganar nan ta cewa ai haƙori ne yake fitarwa ta sa an zauna da yara da yawa a gida har lokaci ya ƙure. Ko haƙorin ne, ruwan da ya fita sai an mayar.

Ga alamun da in an ga ɗaya, a kama hanya ana ba shi ruwan a kan babur ko a mota: ido ya faɗa, maɗigar jariri ta loɓa, an tsunkuli fatar ciki an saki ba ta koma ba sai bayan daƙiƙa 2, ya kasa sha ko kama nono, ya yi laushi ba ya kula kowa, ya yini bai yi fitsari ba, ko akwai jini a bayan gidan. Zawo fari tsararo kamar ruwan da aka wanke shinkafa, musamman ga babba, a ɗauke shi kwalara ne. Wannan ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata, a asibiti mafi kusa, ba lallai sai an shigo birni ba. In mutum biyu ko uku suka kamu a unguwa ɗaya, a gaya wa mai unguwa da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma a ranar. Lambar kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, ita ce 6232.

Mai jinya ya zama mutum ɗaya ko biyu. Bayan gida da aman mara lafiya a zuba a masai ko a haƙa rami a binne, nesa da rijiya. Kayan sawa da shimfiɗa a jiƙa su minti 15 a ruwan bilic. In jikin kwalbar ya nuna ƙarfinsa kashi 3.5 cikin 100 ne, awo 1 na bilic a awo 16 na ruwa. Kada a kai su rafi ko bakin rijiya wanki.

Ruwan sha

Da damina ruwan sama yana kwaso ƙazantar fili da ta masai ya zuba a rijiyar da ba ta da baki. Da bazara kuma rijiyoyi su ƙafe, a koma tafki da kududdufi tare da dabbobi. Ta ko'ina dai ruwan ne.

In ruwa ya yi gurɓi, a fara bari ya kwanta ko a sa alam, a tace da farin ƙyalle mai tsabta da aka ninka. A sani cewa alam laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Bayan nan a zaɓi ɗaya cikin uku. Ko a tafasa har ya yi ta ɓulɓula na minti 1. Ko a sa maganin kulorin daidai awon da ke jikin kwalba ko katin, a rufe, a jira minti 30. Ko kuma, inda itace ya yi tsada, a cika farar robar ruwa mai garai-garai wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a kan rufin kwano awa 6 cikin rana. In akwai hadari sai ta yi kwana 2.

Inda aikin ke lalacewa shi ne randa. An tafasa ruwa an juye, sai kowa ya zo ya tsoma moɗar da ya sha da ita, yaro ya zura hannu har gwiwa. A rufe randa, a ware moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kawai, ta sha daban. Jarka mai ƙaramin baki ta fi tsaro. Sabon masai kuma a haƙa shi aƙalla mita 30 daga rijiya, ta gangare. Rijiyar da ambaliya ta shiga ba a shan ta sai an yashe an sa magani.

Wanda zafi ya kayar

Mataki biyu ne. Na farko, mutum yana ta gumi, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, jijiyoyin ƙafa na ɗaurewa, amma yana cikin hankalinsa. A kai shi inuwa, a kwantar, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a shafa masa ruwa, a ba shi ORS yana kurɓa. In minti 30 ta wuce bai dawo daidai ba, asibiti.

Na biyu shi ne mai kisa. Jiki ya yi zafi rau, ma'auni ya nuna 40 ko fiye, mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, ko ya suma. A nan sanyaya jiki ke gaba da neman mota. A cire masa riga, a riƙa kwara masa ruwan randa daga wuya zuwa ƙafa, mutum biyu suna fifita da faifai ko kwali ba tsayawa. A sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya, hammata da matsematsi, ana sauyawa da zarar ya ɗumama. In akwai ƙanƙara a naɗe a tsumma a sa a wuraren nan. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, don ba zazzaɓi ba ne. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, ko ruwa ko rubutu, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe. A mota ma a ci gaba da jiƙa shi, tagogi a buɗe.

Waɗanda suka fi faɗawa su ne tsofaffi, masu ciki, jarirai, masu hawan jini ko ciwon suga, da masu aikin ƙarfi a rana. A mayar da sharar gona da ɗiban ruwa zuwa sanyin safiya da bayan la'asar. Mai aiki a rana ya sha kamar kofi guda duk minti 20, kada ya jira ƙishi. Fitsari ne ma'auni, in ya yi ja kamar shayi ruwa ya yi ƙaranci. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, sai an miƙa masa. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nono kawai za a ƙara masa, uwar ce za ta sha ruwan. A shekarun nan azumi yana faɗowa kusa da bazara, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Dattijo mai ciwon suga ko na ƙoda ya ji ta bakin likita da malami tun kafin wata ya kama.

Ɗakin kwano ana rage masa zafi da shimfiɗa karan dawa ko zana a kan rufin, a danne da kyau saboda iska, ko a shafa masa farin fenti. Jiƙaƙƙen buhu a taga yana aiki sosai a Maris da Afrilu da iska ke bushe. In zafin ɗaki ya kai 40, fanka iska mai zafi kawai take hurawa, sai an jiƙa jiki tukuna.

Sanƙarau

Wannan ba shi da maganin gida ko kaɗan. Zazzaɓi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare har haɓa ba ta taɓa ƙirji, amai, ƙin haske. Jariri ba lallai wuyansa ya sanƙare ba, sai dai maɗiga ta kumbura, ya yi ta kuka mai ƙara, ya ƙi nono. A riƙe bambancin: maɗigar da ta loɓa rashin ruwa ne, wadda ta taso sanƙarau ake tsoro. Yana iya kisa cikin awa 24, kuma allurar asibiti ce maganinsa. Kano ba ta manta annobar 1996 ba, lokacin da Asibitin Zana ya cika ya batse. Ƙura da busasshiyar iska suna raunata hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki marar taga kuma ya yaɗa cutar. A rage yawan masu kwana ɗaki ɗaya, a buɗe tagogi. A 2024 Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafin Men5CV mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. In masu rigakafi sun zo gari, a fito da yara da matasa. Wanda ya warke a gwada jinsa, don cutar takan bar kurumta.

Zazzaɓin damina

Sauro yana ƙyanƙyashewa ya girma cikin kamar kwana 7 zuwa 10 a ruwan da ya kwanta. Duk mako a kifar da tsofaffin tayoyi, gwangwani da fasassun tukwane, a cike ramukan da aka ɗebi ƙasar gini. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a ɗaura, a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma, in ya yage a ɗinke. Masu kwana a tsakar gida saboda zafi su kafa sanduna huɗu su ɗaura a can.

Da damina ma'aikata kan bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa 59, sau ɗaya a wata. Na kwana 3 ne. Na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku uwa ake bar wa, kuma a nan ake sakaci, ko a ajiye wai sai yaro ya yi zazzaɓi, ko a raba wa yayyensa. Wanda bai cika kwana ukun ba bai samu kariyar ba. Mai ciki kuma ta fara awo da wuri, akwai nata maganin da ake ba ta wata-wata daga wata na huɗu.

In zazzaɓi ya zo, a yi gwajin jini na ɗan yatsa a asibitin sha-ka-tafi ko kemis, minti 15 zuwa 20 ne. In ya nuna na cizon sauro ne, maganinsa da ake kira ACT, irin Coartem, ake sha sau 6 cikin kwana 3: na farko, na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma kwana biyu. Da nauyi ake awo. A ƙananan ƙwayoyi masu lamba 20/120, mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya 1, kilo 15 zuwa 24 ƙwaya 2, kilo 25 zuwa 34 ƙwaya 3, daga kilo 35 ƙwaya 4. Akwai na manya mai lamba 80/480 da ake shan ɗaya tak, kada a rikita su. A sha da nono, madara ko abinci mai maiƙo, in ba haka ba jiki ba ya ɗaukar maganin sosai. In yaro ya amayar kafin minti 30, a sake ba shi. Surace da ganyen darbejiya na iya sa mutum ya ji daɗin jikinsa, amma ba ya kashe ƙwayar cutar da ke cikin jini.

Jijjiga, suma, amai ba tsayawa, tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, fitsari baƙi, ko numfashi sama-sama, duk na asibiti ne nan take. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. A tambayi ma'aikacin lafiya na kusa ko yana da artesunate, maganin zazzaɓin cizon sauro na matsawa a dubura, wanda ake sa wa yaron da bai kai shekara 6 ba don ya kai asibiti da rai. Ba ya wadatarwa shi kaɗai, dole a ƙarasa.

A watan Yuli da Agusta a riƙa auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 da tef ɗin awon damtse mai launi uku, kore, rawaya da ja. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko kumburin ƙafa biyu, tamowa ce mai tsanani, a kai shi inda ake ba da abincin tamowa. Yaron da ke iyo a madatsar ruwa ko magudanan noman rani irin na Kura da Kadawa, in ya fara fitsarin jini, tsargiya ce, tana da magani, ba alamar balaga ba ce.

Mota da kuɗi

Tun kafin ruwa ya sauka a san asibitin da ke da ma'aikaci da dare, da hanyar da ba ta yankewa in rafi ya kawo. A yi magana da masu babur biyu da mai mota ɗaya, a rubuta lambobinsu da gawayi ko fenti a bangon zaure. A ajiye galan ɗin fetur da ba a taɓawa. Da kaka, lokacin da hatsi ke hannu, kowane gida ya ba da tiya ɗaya ko biyu, a sayar, a damƙa kuɗin ga amintattu biyu, wanda ya ranta ya mayar bayan girbi. Ku da ke birni ku zuba naku kason a asusun tun lokacin, ya fi turawa da tsakar dare ana neman mai POS.

Ranar tafiya a ɗauki jarkar ORS da aka haɗa, kofi da cokali, katin rigakafin yaro, da kwalayen duk maganin da aka riga aka ba shi, har na gargajiya. A tafi da wani babba mai lafiya da zai iya ba da jini in an nema. Wadda ta yi jinya tun farko ita za ta shiga wurin likita, don ita ta san ƙarfe nawa ciwon ya fara, sau nawa ya yi zawo, da yaushe ya yi fitsari na ƙarshe.